Fashin Makaranta a Agadez: A Fara da Kiran Suna

Fashin makaranta shi ne a sami sunan yaro a rajista, a duba aji a rasa shi. Ya sha bamban da rashin shiga makaranta tun farko, amma shi ne hanyar da ake bi a bar ta. Da wuya a ga ɗalibin da ya daina zuwa rana guda. Yakan fara da makara, sai ya koma fita lokacin hutun hantsi ba ya dawowa, sai fashin kwana biyu a mako, kafin zango ya ƙare an daina ganinsa. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ce karatu haƙƙin kowane ɗan Nijar ne, kuma duk shekara hukumomi kan bayyana adadin yaran da aka rubuta. Abin da ba a cika jin an bayyana ba shi ne nawa ne ke zaune a aji ranar Talata ta tsakiyar Fabrairu, alhali wannan adadin ne ke nuna ko ana karatu.

Agadez garin hanya ne tun kafuwar sarautar Abzin a ƙarni na 15, kuma arzikinsa ya daɗe yana zuwa ta hannun matafiya: ayarin gishiri na Bilma da Fachi, fatauci zuwa Kano da Katsina, daga baya manyan motocin Libiya da Aljeriya. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 110,000 a birnin, kuma tun daga nan ya ci gaba da faɗaɗa, unguwanni irin su Dagmanet da Misrata suna cika da baƙi fiye da yadda ake gina azuzuwa. A 2014 aka gano zinariya a Jado, sannan a Tchibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, samari suka yi ta kwarara can. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta rufe wa dubban direbobi da masu masauki hanyar abinci, har aka soke ta a Nuwamban 2023 tasha ta sake cika. Rufe kamfanin COMINAK a Arlit a Maris na 2021 ya ƙara yawan gidajen da albashi ya yanke musu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya taɓa aji. In kuɗi ya shigo gari, yana janye manyan yara. In ya ɗauke, iyaye na tura ƙanana neman na cefane.

Wanda ya ratsa tasha ko babbar kasuwa da ƙarfe goma na safe zai gani da idonsa. Ga yaro ɗan shekara goma sha uku, jakar littattafai rataye a wuya, yana taya lodin jarkoki a bayan Hilux. Ga wani yana karɓar kuɗin fasinja a adaidaita, ga wasu a fada sun kewaye butar shayi da waya guda. Kafin azahar wanda ya yi dako ya sami jika ɗaya a aljihu, ya koma gida daidai lokacin tashi, uwarsa ta ɗauka daga makaranta yake. Lissafin da yake yi ba na wauta ba ne. Ya ga maƙwabcinsa da ya bar aji ya tafi dajin zinariya ya dawo da babur, ya kuma ga yayansa mai takardar BEPC yana zaman jiran aiki. Waɗanda rami ya rufta da su, da waɗanda suka dawo da tari da bashi, ba su ne ake labarinsu a fada ba. Wajibi ne makaranta ta san cewa da wannan lissafin take gogayya, kuma bulala ba ta rushe shi.

Fashin 'yan mata ba ya fitowa fili haka, domin a cikin gida yake faruwa. Yarinya ce ke tsayawa layin famfo idan ruwa ya yi wuya a bazara, ita ke riƙe ƙanne idan uwa ta tafi asibiti ko biki, ita ke ɗaukar talla. Idan ta fara girma, makarantar da ba ta da ban-ɗaki mai ƙofa da ruwa takan rasa ta kwanaki a kowane wata. Gwamnati ta fitar da doka a Disamban 2017 don kare karatun 'ya mace, amma doka ba ta san yarinyar da ta yi fashin mako biyu ba sai wani ya rubuta ya kai rahoto.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan yara da iyayensu, don makaranta ma tana fashi. Akasarin malaman firamare a Nijar 'yan kwantaragi ne, kuma jinkirin biyansu ya sha jawo yajin aiki. Yaron da ya taka daga bakin gari sau uku ya tarar babu malam, a karo na huɗu ba zai taso ba, kuma babu mai bakin yi masa faɗa. Azuzuwan rumfa ba sa tsayawa sai an makara da buɗe shekara, ba sa kare sanyin hunturu da ƙurarsa, ba sa kare zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40. Gobarar da ta kashe ƙananan yara a irin waɗannan rumfuna a Yamai da Maraɗi a 2021 ta ƙara wa iyaye fargaba. A 2024 ambaliya ta sa an ɗage komawa makaranta a faɗin ƙasa zuwa 28 ga Oktoba, kusan wata guda ya tafi kafin a buɗe littafi.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan zurfi. Yaron Agadez yana tashi da Hausa ko Tamajak, wani da Tubanci ko Larabci, ya shiga aji a tarbe shi da Faransanci. Binciken PASEC na 2019 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na ɗaliban ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. Wanda ya kai aji biyar bai iya karanta abin da ke kan allo ba, zaman aji azaba ne gare shi, ga dariyar 'yan'uwa, ga tsawar malam. Irin wannan yaro kunya ce ke korarsa. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ya kamata a ga amfanin wannan a azuzuwan farko, da littattafai da malaman da aka horar, tare da ba Tamajak nata gurbin a inda yara suka fi jin ta.

A ra'ayinmu, gyara zai fara ne daga abin da ba ya bukatar kasafi: kiran suna safe da yamma, da isar da labari gida a ranar. Rajista tana nan a kowane aji, sai dai sau da yawa ana cika ta ne don mai duba makarantu, ba don uwar yaro ba. Kusan kowane gida a Agadez akwai waya. Idan ɗalibi ya yi fashin kwana biyu a jere, darakta ya sa a kira. Idan ya kai mako, a taka a je. Masu zuwan ma akwai su. Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka ƙarfafa tun 2004 da tallafin Japan aka fara daga jihar Tawa, sun nuna cewa jama'ar unguwa na iya riƙe makarantarsu idan an ba su bayani. Ƙungiyar iyaye mata ta fi kowa sanin gidan da aka fara maganar aure da gidan da tukunya ba ta hau wuta ba. Masu unguwanni kuwa, da ke ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Abzin, maganarsu tana shiga zauren da takardar darakta ba ta shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma fashin mako ɗaya ya fi na wata uku sauƙin magani.

Wasu al'adun makarantar kansu sai an bar su. Rufe ƙofa ga wanda ya makara yana mayar da makarar minti goma fashin yini. Korar yaro saboda bai kawo kuɗin kwamiti ko bai da littafin rubutu ba, tura shi tasha ne kai tsaye. Inda karatun allo na asuba ke cin lokacin tafiya, zama ɗaya tsakanin darakta da malaman allo ya isa a daidaita sa'o'i, tunda yaran ɗaya ne, iyayen ma ɗaya. Rajistar malamai ita ma a riƙa gabatar da ita gaban kwamiti kamar ta ɗalibai, gwamnati kuma ta biya 'yan kwantaragi a kan kari kafin ta nemi su tsaya.

Sauran matakan na bukatar kuɗi. Ciyarwa a makaranta, wadda aka fi kai wa makarantun makiyaya da na karkara, ta cancanci a gwada ta a unguwannin bakin gari inda yaro ke fitowa bai karya ba. Ma'aikatar magajin gari na iya zama da shugabannin tasha da na 'yan adaidaita a amince cewa ba za a ɗauki yaro aiki a sa'o'in karatu ba. Wanda ya riga ya yi nisa, ya dawo daga daji yana da shekara goma sha shida, ba zai zauna benci ɗaya da ƙannensa ba. Cibiyoyin koyon sana'a ne gurbinsa, inda zai koyi kanikanci, walda ko haɗa wutar sola tare da karatu da lissafi. Hukumar ilimi ta jiha kuma ta riƙa tattara adadin masu halarta daga kowace makaranta duk wata, maza daban mata daban, ta miƙa wa kwamitoci da ma'aikatar magajin gari, domin a san makarantar da ke zubar da yara da watan da abin ya fi tsanani.