Kwanon Maƙwabciya da Jar Hular Kirsimeti

Mu dai nan Gusau hunturu ya kankama, leɓe da diddige sun fara tsagewa, wadda duk ba ta tanadi man kaɗanya ba sai ta kuka da kanta.

Zancenmu na wannan wata ya samo asali ne daga saƙon wata 'yar'uwa, 'yar Bungudu da ke aure a Tudun Wada. Ta ce bara war haka ɗanta mai shekara shida ya dawo daga makarantar kuɗin da yake zuwa da takarda, wai a kawo kuɗin fatin ƙarshen zango, kuma kowane yaro ya zo da jar hula mai farin geza, domin za a kawo musu Fada Kirsimeti ya raba kyauta. Ta ce ranta bai so ba, amma ta biya, ta kuma shiga kasuwa ta sayo hular, don kada ɗanta ya fita zakka a cikin yara. Bayan kamar mako biyu, ranar 25 ga Disamba, sai ga 'yar maƙwabciyarta Kirista ta yi sallama da kwanon shinkafa da kaza. Ita kuwa ko buɗewa ba ta yi ba, ta ce wa yarinyar ta mayar, su ba sa cin wannan. Tun daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu, sai dai a haɗu a bakin famfo kowa ta kau da kai. Yanzu ga Disamba ta sake zagayowa, ga takardar makaranta ta sake zuwa, shi ne take tambayata: “Anti, na yi daidai kuwa?”

'Yar'uwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kin bar jaki kin daki taiki.

Bari mu fara da kwanon. Ke da kika tashi a Bungudu, inda da wuya ki ga gidan da ba na Musulmi ba, dole abin ya zo miki baƙo. Amma Gusau gari ne da ya daɗe da cakuɗa. Tun da aka ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya iso nan, har ya dangana da Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa. Ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kantuna suka zo, Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin Zariya, suka cika Sabon Gari, suka gina majami'unsu. Daga baya masaƙa ta ƙaro wasu. An ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, an ƙaddamar da Shari'a a nan cikin Gusau a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. A lokacin an tsorata, wasu sun tattara sun tafi, amma da yawa sun zauna, majami'u kuma suna nan. Ga asibitin tarayya, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, duk sun ƙaro mana baƙi. Wato dai wannan kwano ya girme ni, ya girme ki.

Ni kaina na ga amfaninsa. A 2007 ina amarya, muna gidan haya, babbar Sallah ta zo saura ƙasa da mako guda a yi Kirsimeti. Surukata, Allah Ya jiƙanta, ita ta kasa naman layya da hannunta, ta ware kaso mai kyau, har da hanta, ta ce in kai wa matar da ke ɗakin da ke kallon namu, wata nas ce Kirista. Na ɗan yi jim. Tsohuwa ta dube ni ta ce, “Ke ɗiyar nan, in ciwo ya tashe ki da tsakar dare, wa za ki fara bugawa ƙofa, ita ko ni da nike Tsafe?” Na kai. Da ranar tasu ta zo, da sassafe na ji mijinta yana sallama da maigidana, ashe roƙonsa yake ya zo ya yanka musu akuya da kaji, domin maƙwabta su ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Kwanon da na kai mata nama, shi ya dawo mini cike da dafa-duka da cincin a ƙulle a leda. Wata goma sha ɗaya bayan nan, naƙudar fari ta kama ni maigida ba ya gari. Ba sai na gaya muku wadda ta riƙe ni har asibiti ba.

Wannan al'ada ta kiran Musulmi ya yi yanka, Kiristocin da suka daɗe a Arewa da yawa suna yin ta, kuma don mu suke yi. Ki yi tunanin matar da ta tashi tun asuba ta hura wuta, ta sa aka yi yanka yadda za ki iya ci, ta zaɓi tsoka mai kyau ta ɗora a sama, sannan 'yarta ta dawo da kwano a rufe tana sunkuyar da kai. Da ke aka yi wa haka ranar Sallah, da ya za ki ji?

Na san abin da ke ran wasunku, wato hukunci. Fatawa ta malamai ce, kuma sun yi magana. Abincin Ahlul Kitabi dai Suratul Ma'ida ta halatta shi, in ba alade ko giya ko wani abin da aka haramta a ciki. Inda aka yi saɓani shi ne taya murna da shiga shagalin idinsu. Irin su Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, da Shaikh Ibn Usaimin a zamanin nan, sun tsananta, sun hana. Marigayi Shaikh Yusuf Alƙardawi da gidan fatawa na ƙasar Masar sun ba da damar gaisuwa ta kyautata zaman tare, muddin ba a shiga ibada ba. Kowace ta bi abin da malaminta da maigidanta suka tsaya a kai, ba zan yi jayayya da kowa ba. Amma ko wanda ya fi kowa tsanantawa bai ce a wulaƙanta maƙwabci ba. In zuciyarki ba ta natsu da ci ba, ki karɓa da hannu biyu, ki ba yarinya tukuici, ki ce a gaida Mama, a ce an gode. Abin da ya faru da shinkafar bayan nan tsakaninki da ɗakin girkinki ne.

To, yanzu mu koma kan jakin.

Abin da ya ba ni mamaki a saƙon 'yar'uwarmu shi ne, kwanon da aka kawo mata kyauta ta mayar, hular da aka ce ta saya da kuɗinta kuwa ta saya, ta ɗora wa ɗanta a ka, har ta ɗauke shi hoto ta sa a WhatsApp. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ku shiga manyan kantuna a watan nan ku ga bishiyar roba da fitilu masu ƙiftawa, ku ga su wa ke tsayawa a gabanta suna hoto. Hijabi ne har ƙasa. Ku ji ƙarar nokawut da daddare a unguwannin da babu Kirista ko ɗaya. Maƙwabciya ba ta kawo mana wannan ba. Ita tana majami'arta tana addu'arta. Wannan Kirsimetin kasuwa ce, ta talabijin da waya, ba ta tambayar addinin kowa, aljihu kawai take tambaya.

Kun san daga ina jar hular ta fito? Asalin labarin wani limamin Kirista ne mai suna Nikolas, wanda ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya yi suna wajen yi wa talakawa kyauta a ɓoye. Turawa suka yi ta ƙara wa labarin gishiri har ya zama tsoho mai farin gemu da ke yawo da buhun kyauta. Wanda ya yayata hotonsa da jan kaya da ƙaton ciki a duniya kuwa kamfanin Coca-Cola ne, da tallace-tallacen da ya fara a 1931, don a sha lemo ko da sanyi. Bishiyar kuma al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila bayan an buga hoton iyalin Sarauniya Biktoriya kewaye da ita a 1848. Ita kanta ranar 25 ga Disamba ba ta cikin Linjila. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a wannan rana na birnin Rum ne, a shekarar 336, kuma har gobe Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu suke nasu. Su kansu Kiristoci masu riƙo da addini kukan da suke yi ke nan kowace shekara, cewa 'yan kasuwa sun ƙwace musu rana.

In kuna son ganin inda abin ke kai mutane, ku dubi Jafan. Kiristoci ba su kai biyu cikin ɗari ba a ƙasar, amma tun da kamfanin KFC mai soya kaji ya yi wani talla a 1974, cin kazarsa ranar Kirsimeti ya zama kamar dole, har sai an yi oda tun da sauran makonni. Ba addini, ba maƙwabci, layi kawai a bakin kanti. Ku kwatanta da Senigal, inda fiye da casa'in cikin ɗari Musulmi ne. Can in Ista ta zo, matan Kirista kan dama wani abu da suke kira ngalak, da gero da tunkuzar gyaɗa da garin 'ya'yan kuka, su yi ta rabawa gidajen Musulmi bokiti-bokiti, in layya ta zo kuma nama ya bi ta hanyar da ngalak ya biyo. Ni dai in za a ba ni zaɓi, na Senigal ya fi kama da tarbiyyar da iyayenmu suka ba mu. Abin haushi, na Jafan muke kwaikwayo, na Senigal kuma muna korar sa daga bakin ƙofa.

Sannan ga kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ta san yadda cefane ya koma. Uwa ta ci bashin adashi don fatin da ba nata ba, ta sayi hular da za a sa awa biyu a jefar, Janairu ta zo da kuɗin makaranta a rasa na biya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Game da makaranta, shawarata ita ce kada ki tsaya gunaguni a gida, kada kuma ki tafi da faɗa. Ki nemi iyaye uku ko huɗu, ku je wurin shugabar makarantar tun kafin a buga takarda. Ku ce kuna son yara su yi walimar ƙarshen zango, a ci a sha a ba masu ƙoƙari kyauta, amma a cire Fada Kirsimeti da hula, ko a bar shi ga wanda iyayensa ke so. Na taɓa yin haka a makarantar da 'yan biyuna suka yi. Shugabar, wadda Kirista ce, dariya ta yi ta ce ita ma ta huta da kuɗin hayar kayan, ashe malamai matasa ne suka gani a waya suka kawo. Makarantar kuɗi kasuwa ce, iyaye ne masu ciniki.

Wurin da ya fi wuya shi ne bakin yaro. Zai tambaye ki, “Umma, me ya sa su suke yi mu ba ma yi?” Amsar da kika ba shi a ranar ita zai riƙa ɗauka zuwa waje. In kika ce masa “abin arna ne”, to ki sani gobe zai faɗa wa ɗan maƙwabciya a wurin ƙwallo, kalma da kalma, ya ce Ummansa ce ta faɗa. Alhali kina da abin faɗa mai daɗi. Ki zaunar da shi ki ba shi labarin Nana Maryam da haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, yadda ya zo a surar da ke ɗauke da sunanta, da bishiyar dabino da ƙoramar ruwa da jaririn da ya yi magana a zanen goyo. Ki gaya masa mu ma muna son Annabi Isa, imaninmu ba ya cika sai da shi, amma mun ɗauke shi bawan Allah kuma manzonSa, su kuma sun ɗauke shi daban, shi ya sa suke da idinsu muke da namu guda biyu. Yaro ɗan shekara shida yana gane wannan sarai. Kuma in Sallah ta zo ki cika masa ita, da ɗinki da lalle ga 'yan mata da yawon gaida dangi, domin yaron da ya ƙoshi a gidansu ba ya leƙen tukunyar wani.

Ke kuma 'yar'uwata ta Tudun Wada, tun da kin tambaye ni, ga abin da zan yi da ni ce ke. Ba zan jira 25 ga wata ba. A makon nan zan gasa hoce mai kyau, in yi miyar da ta ji daddawa, in sa mayafina in kai da kaina, ban aiki yaro ba. Bana ma wataƙila tana nan ba ta je gida ba, don da yawansu sun rage tafiyar Disamba saboda kuɗin mota da fargabar hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, wadda mu ma ba mu tsira daga gare ta ba. In ta buɗe ƙofa ki ce, “Maman yara, na zo ba da haƙuri ne a kan na bara.” Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki bar mata kwanon, kada ki ce a juye a ba ki.

Wadda ke da tambaya ko ƙorafi ta aiko kamar yadda aka saba. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.