A Auna Rijiya Kafin A Sayi Famfo



Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, zancen ban ruwa ya sake kama a ƙungiyoyinmu na gama kai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a cikin 2024, kuma mai lambu yana cikin waɗanda suka fara ji a jika. Saboda haka ko'ina aka zauna taro sai ka ji ana cewa, "Mu tara kuɗi mu sayi famfo mai aiki da hasken rana." Shawara ce mai kyau. Amma ga abin da nake so in faɗa tun kuɗin suna hannun ma'aji: kada ƙungiya ta saki ko kwabo sai ta auna rijiyarta tukuna. Famfo da yawa da suka mutu a ƙauyuka ba su da laifin kome, an dai ɗora su ne a kan rijiyar da ba ta dace da su ba.

Dattawanmu sun ga misali iri biyu. A shekarun 1980 hukumomin bunƙasa aikin gona na Kano da Bauchi da Sakkwato suka baza ƙananan injunan fetur da rijiyoyin bututu a fadamu, sa'an nan Shirin Fadama na Ƙasa ya ci gaba da aikin daga 1993. Abin ya karɓu, har jigo ya ɓace a wurare da yawa, gama ruwan fadama yana kusa, injin kuwa kowane makaniki na gari ya iya gyaransa. A waɗannan shekaru kuma aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a karkara. Da dama cikinsu suka tsaya bayan 'yan shekaru, domin ba a bar wa mutanen gari sanin rijiyar ba, ba a kuma bar musu asusun gyara ba. To, wanne za mu bi?

LAMBOBI UKU

Akwai lambobi uku da ya kamata magatakarda ya rubuta a littafin ƙungiya kafin a aiki kowa kasuwa.

Ta fari, ruwa nawa muke bukata a yini? Mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 domin sha da dafuwa da tsabta. Saniya takan sha lita 25 zuwa 40 da bazara. Lambu kuwa shi ne babban mashayi. Hekta ɗaya ta tumatir ko albasa ko tattasai tana bukatar lita 50,000 zuwa 70,000 kowace rana a lokacin zafi, watau duro 250 zuwa 350. Ku duba da kyau: ruwan da zai ishi mutum 200 sha da wanka bai kai na kashi ɗaya cikin goma na hekta ba. Don haka famfon gari dabam, famfon lambu dabam. Ƙungiyar da ta ce za ta haɗa su a rijiya ɗaya ba tare da lissafi ba, rigima take gayyata tsakanin mata masu ɗiban ruwa da masu lambu.

Ta biyu, ruwa nawa rijiyar take iya bayarwa? Ba a gwada rijiya da kaka, sa'ad da ƙasa take ƙoshe. A gwada ta a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa. A ɗaura ƙarfe a bakin igiya a auna inda ruwa yake. A yi hayar famfo a ja ruwa sa'o'i shida ko fiye ba tsayawa. A riƙa cika duro ana duban agogo: in duro mai lita 200 ya cika cikin minti shida, ana samun lita 2,000 ke nan a sa'a. A riƙa auna yadda ruwan yake sauka, a ga ko ya tsaya a wani wuri ko kuwa yana ta tafiya ƙasa. In yana ta tafiya, an fi ƙarfin rijiyar, sai a rage ja a sake gwadawa.

Ƙasa ma ba iri ɗaya ba ce. A fadamun Haɗeja da Jama'are da Rima ruwa yana kwance cikin yashi, kusa da hannu. A Filato da Kudancin Kaduna da wani yanki babba na Bauchi kuwa dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana maƙale a tsagogin dutse da ruɓaɓɓen saman dutsen, rijiya takan ba da shi kaɗan-kaɗan. Abin da ya yi wa ɗan'uwanka aiki a bakin kogi ba lalle ya yi maka a kan tudu ba. In masu haƙa ne suka yi muku rijiyar, kada a biya su cikon kuɗi sai sun ba da takarda mai nuna zurfinta, da inda suka sa bututu mai tsaga-tsaga wanda ruwa yake shiga ta cikinsa, da abin da gwaji ya nuna.

Ta uku, ina tsawon hawan da ruwan zai yi? A fara ƙirga daga inda ruwa yake tsayawa sa'ad da ake ja, ba inda yake kwana ba, har zuwa bakin tanki. A ƙara wani abu saboda gogayyar ruwa da cikin bututu. Siririn bututu mai tsawo yana cinye ƙarfin famfo ƙwarai. In aka ninka faɗin bututu sau biyu, gogayyar takan ragu kusan sau 30. Kuɗin da aka yi rowarsa a bututu, a famfo da mai za a biya shi.

ABIN DA KWALI BA YA FAƊA

A jikin kwalin famfo za ku ga an rubuta lita kaza a minti, da mita kaza na hawa. Duka biyu gaskiya ne, amma ba a samunsu tare. Yawan litar nan, na ruwan da ba ya hawa ko'ina ne. Tsawon mitar nan kuwa, inda ruwan yake ƙarewa ne, ko ɗigo ba ya fita. Ku ce wa mai kanti ya nuna muku takardar da ke cikin kwalin, inda aka jera litar da famfon yake bayarwa a mita 10, da 20, da 30, da 40. In ba shi da ita, ku yi masa sallama ku ƙara gaba.

Famfo iri uku ne suka fi shafarmu.

Akwai injin fetur mai zama a bakin ruwa yana zuƙa. Mai bakin inci 2 yakan kai wajen lita 600 a minti in babu hawa, mai inci 3 wajen lita 1,000. Amfaninsa shi ne ana ɗora shi a babur a kai shi inda ake so. Iyakarsa kuwa, ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8, kome girmansa, gama nauyin iskar sama ne yake tura ruwan cikin tiyo, injin hanya kawai yake buɗewa. A tudun Jos, inda iska ta fi sauƙi, sai a rage fiye da mita ɗaya daga wannan. Nan ne haɗari yake. In ruwa ya yi ƙasa, wasu sukan zura injin cikin rijiya ko rami mai zurfi, su bi shi su tayar. Hayaƙinsa yana da guba marar wari wadda take taruwa a ramin, tana kashe wanda ya shiga, ta kashe wanda ya bi shi ceto. Kowace ƙungiya ta kafa doka a kan wannan, ba sani ba sabo.

Akwai wanda ake nutsarwa cikin rijiya, wanda 'yan kasuwa suke kira sumo. Shi turo ruwa yake yi daga ƙasa, don haka zurfi bai dame shi ba muddin an zaɓi mai ƙarfin hawan. Shi ne ya fi dacewa da hasken rana.

Akwai kuma ƙaramin famfo mai aiki da batir irin na mota, wanda yake ba da lita 10 zuwa 20 a minti. In an buɗe kan famfo ya tashi da kansa, in an rufe ya tsaya. Yana da kyau domin ɗakin shan magani, ko gidan kaji, ko wurin renon iri, inda ake jan ruwa daga tanki ko duro. A sa masa matata a baki, da fis, da waya mai kauri, gajera. Amma kada a sa shi ban ruwan gona yini guda. Ba a yi wa jaki labtun raƙumi.

Bari mu yi misali. A ce gari yana da mutum 300 da shanu 100. Mutane lita 6,000, shanu lita 3,000, a cika lita 10,000 saboda baƙi da ɓarna. Rana mai ƙarfi a ƙasarmu wajen sa'o'i shida ce, don haka ana neman lita 1,700 a sa'a. A ce ruwa yana tsayawa a mita 28 in ana ja, tanki yana mita 7 a sama, bututu ya ci mita 5, duka mita 40. Famfo mai wat 400 da farantan sola masu wat 600 za su yi wannan aiki, in rijiyar ta yarda. In gwaji ya nuna lita 1,000 kaɗai take bayarwa a sa'a, to, ko an kawo famfon da ya fi wannan sau biyar, ruwan ba zai ƙaru ba.

MASU CEWA BABBA YA FI

A kowane taro akan sami mai cewa, "Tun da za a saya, a sayi babba gaba ɗaya." Nufinsa mai kyau ne, amma babban famfo a ƙaramar rijiya ɓarna yake yi. Yakan ƙafar da ita cikin minti kaɗan, ya ci gaba da juyawa ba ruwa, alhali ruwan ne yake sanyaya shi, sai ya ƙone. Yakan kuma fizgo yashi, yashin ya cinye cikinsa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wani zai ce a haɗa da batura domin a sami ruwa da dare. Ni dai a ganina tanki ya fi. Batir irin na da, mai ruwa, a zafin ƙasarmu sau da yawa ba ya wuce shekara biyu ko uku, shi ne kuma abin da ɓarawo yake fara nema. Tanki kuwa ya cika da rana, a sha da dare. A sayi mai ɗaukar ruwan yini ɗaya da rabi ko biyu saboda ranakun hadari da hazo.

Wani kuma zai ce kuɗin gwaji hasara ce. Ku gwada kuɗin hayar famfo na yini ɗaya da kuɗin sabon famfo, da na tumatirin da zai bushe cikin mako biyun da za a yi ana neman gyara. Amsar ba ta da wuya.

RANAR KAFAWA

Ga abin da ya kamata 'yan kwamiti su tsaya a kai da idonsu. Kada a zaunar da sumo a gindin rijiya cikin laka, kada kuma a sa shi daidai bututu mai tsaga-tsaga. Ya zauna ƙarƙashin inda ruwa yake sauka in ana ja, da 'yan mitoci. A ɗaura masa igiya mai ƙarfi dabam, ba a rataye shi da wayarsa ba. A sa masa na'urar da take kashe shi in ruwa ya ƙare, da wadda take kashe shi in tanki ya cika. Haɗin wayar da zai shiga ruwa a rufe shi sarai. A binne sandar ƙarfe a haɗa ta da kayan saboda tsawa. Farantan su fuskanci kudu, a ɗan karkace su, nesa da inuwar itace, a kuma riƙa goge su da hunturu gama ƙura tana rage musu ƙarfi. Ku tuna lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce. Tanki mai lita 5,000 nauyin tan biyar ne, yara kuwa a ƙarƙashinsa suke wasa, don haka kada a yi arahar ƙafafunsa. A rufe bakin rijiya da siminti, a nisanta shadda da turken shanu aƙalla mita 30.

Mai injin fetur kuwa ya matso da shi kusa da ruwa, tiyon zuƙa ya zama gajere, ba huda ko ɗaya, da rariya a bakinsa. Ya cika cikin famfon da ruwa kafin ya tayar. Ya riƙa canza baƙin mai a kan kari.

In garinku yana da famfon tuƙa-tuƙa a wata rijiya, kada ku yar da shi don sabo ya zo. Ranar da na sola ya tsaya, shi za ku koma wa.

WA ZAI GYARA?

Rana kyauta ce, gyara ba kyauta ba ne. Tun ranar fari a yanka abin da za a riƙa biya, ko a kan jarka, ko a kan gida kowane wata, masu shanu da masu lambu kuma su biya gwargwadon shansu. Kuɗin su shiga asusu dabam, a riƙa karanta lissafinsa a gaban kowa. A zaɓi mutum biyu, a sa mace a ciki, gama mata ne suke fara sanin ruwa ya ragu, su tsaya tare da mai kafawa su koya. A sayi irin famfon da ake samun kayan gyaransa a kasuwar da ta fi kusa da ku, a karɓi rasit da takardar lamuni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin nan na mutane ne. Akwai na gwauruwar da ta sayar da akuyarta, akwai na saurayin da ya fasa tafiya cin rani domin ya yarda da ƙungiya. In famfo ya mutu cikin wata uku, da wuya su sāke ba da kuɗinsu in an kira wani aikin gayya. Saboda haka a taronku na gaba, in an kawo zancen famfo, wani ya miƙe ya tambaya: lita nawa muke bukata, lita nawa rijiyar take bayarwa, mita nawa ruwan zai hau? In babu amsa a littafi, a ɗage sayen, a nemo igiya da duro da agogo, a gayyaci malamin gona, a tafi bakin rijiya.