Tsaron da ya kulle Google a waje ba tsaro ba ne, lalaci ne

1/
Bari yau in yi magana da masu gina shafukan intanet, da ku da kuke biyan su. Ka kashe kuɗi an gina maka shafin labarai ko na kasuwanci, wata uku ka rubuta sunansa a Google babu shi babu alamarsa. Ka tambayi maginin, ya ce "ai na ƙara tsaro ne." Ni dai ban yarda da wannan amsar ba. Ku biyo ni.

2/
Google yana da ɗan aike, sunansa Googlebot. Shi ke zagaya shafuka yana karantawa, ya kai rahoto gida, sannan a saka ku cikin sakamakon bincike. In an tare shi a ƙofa, a wajen Google shafinka tamkar bai wanzu ba, ko da ka zuba rubutu dubu a ciki.

3/
Kuskure na farko, kuma wanda ya fi ba ni haushi: toshe ƙasashe. Mutum ya ga ana kawo wa shafi hari daga waje, sai ya shiga Cloudflare ya ce kowa ya tsaya a waje sai mai shigowa daga Najeriya. Ya kwanta yana jin ya yi aiki.

4/
Malam, galibin zagayen Googlebot daga adireshin IP na Amurka yake fitowa. Google da kansu sun rubuta haka. Ka toshe Amurka, ka toshe Google. Ka kuma toshe ƴan uwanmu na Nijar da Gana da Saudiyya da ke son karanta Hausa. Ɓarawon da kake gudu kuwa VPN kawai zai kunna ya shigo. Garin neman gira an rasa ido.

5/
Na biyu: yanayin Under Attack na Cloudflare, wanda ke tsayar da baƙo ya gwada burauzarsa kafin ya wuce. An yi shi ne don lokacin da hari ke gudana. Wasu sun kunna shi tun ranar buɗe shafi sun manta. Mai karatu da ke fama da data da sabis mai rauni yana zaune yana kallon abu na juyawa, ya gaji ya fita.

6/
Na uku: lambobin da saba ke mayarwa. In katangar tsaronka tana ba Googlebot 403, ma'ana "an hana ka," Google zai daina nuna wannan shafin, har wanda ya riga ya shiga sakamako zai fita.

7/
A Fabrairun 2023 Google sai da suka fitar da sanarwa musamman cewa a daina amfani da 403 da 404 don rage yawan zagayen Googlebot. In saba ta gaji, akwai 429 da 503, masu nufin "dawo anjima." Su ma na ɗan lokaci ne. In suka daɗe kwana da kwanaki, shafukan za su fara zubewa.

8/
Na huɗu shi ne abin dariya. A WordPress, cikin saitin karatu, akwai wani ɗan akwati da ake yi wa alama don a ce wa injinan bincike su yi nesa. Ana kunna shi lokacin gini, daidai ne. Sai a miƙa wa mai shafi aiki ba a cire alamar ba. Akwati ɗaya tak, kasuwar mutum ta tsaya cak.

9/
Ga kuma masu ɗaukar robots.txt a matsayin kwaɗo. Tun 1994 ake amfani da wannan fayil, kuma roƙo ne kawai ga bot mai ladabi. Kowa na iya buɗe shi ya karanta. In ka jera wuraren sirrinka a ciki, ka zana wa ɓarawo taswirar gidanka da hannunka.

10/
Wani zai ce: "To kai so kake a bar shafi a buɗe a kwashe?" A'a. Hare-haren gaskiya ne. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress suke, shi ya sa bot-bot ke bugun ƙofar wp-login.php dare da rana suna gwada kalmomin sirri. Ba na musun wannan.

11/
Abin da nake cewa shi ne a kulle inda ya kamata. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari durowar kuɗi yake kullewa da ɗakin ajiya. Ba ya garƙame ƙofar shago da tsakar rana ya zauna a ciki yana jiran ciniki.

12/
Durowar kuɗinka ita ce shafin shiga na mai gudanarwa. Nan za a tsananta: kalmar sirri mai ƙarfi, tabbatarwa mataki biyu, taƙaita yawan gwajin shiga, rufe xmlrpc.php in ba a amfani da shi, sabunta filogin a kan lokaci, da ajiye kwafin shafi a wani wuri daban. Babu ɗaya cikinsu da ke taɓa Google.

13/
"Ai akwai masu shigowa da sunan Googlebot na ƙarya." Ƙwarai, suna kam kowa na iya ara. Amma Google sun wallafa jerin adireshin IP ɗinsu, kuma ana iya bin adireshi a ga ko ya koma googlebot.com ko google.com. Cloudflare ma na da rukunin bot da aka tantance. A bar na gaskiya ya wuce, a kori na bogi. Aikin mintuna ne ga wanda ya san aikinsa.

14/
Kuma ku daina cewa tsaro da bincike abokan gaba ne. Tun 2014 Google suka sanar cewa HTTPS na cikin abin da suke dubawa wajen jera shafuka. A 2018 Chrome ya fara yi wa shafukan HTTP tambarin rashin tsaro. Takardar shaidar kuma kyauta ce a Let's Encrypt.

15/
Mai shafi, ga gwajin da za ka yi yau da wayarka. Rubuta site: a Google, ka liƙa adireshin shafinka ba tare da tazara ba. In babu abin da ya fito, akwai magana. Sannan ka nemi a saka imel ɗinka a Search Console, kyauta ne. A nan za ka saka adireshin kowane shafi ka ga ko Google ya iya buɗe shi, in bai iya ba ka ga dalili.

16/
In maginin ya fara kame-kame, ko ya ƙi ba ka damar shiga Search Console na shafin da ka biya da kuɗinka, ka san inda matsalar take.

17/
Ku kuma ƴan uwana masu gini, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Duk dokar tsaro da kuka ƙara, ku gwada ta da Search Console kafin ku rufe kwamfuta. Wanda bai yarda da ni ba ya zo ƙasa mu yi ta, amma ya taho da hoton sakamakon site: na shafin da ya gina.