Faifan CD ba rumbun dindindin ba ne

A durowoyin ofisoshin gwamnatin tarayya da dama akwai faya-fayan CD da DVD ɗauke da takardun ɗaukar aiki, ƙarin girma da lissafin albashi. An kwafe su da zaton an gama adana su har abada. Wannan zato yana da haɗari.

Faifan da ake kwafa a kwamfuta ya bambanta da wanda masana'anta ke bugawa. Bayanansa suna zaune ne a kan siririn rini da hasken leza ke ƙonawa, rini kuwa yana koɗewa. Zafi, danshi da hasken rana suna gaggauta lalacewarsa. Zafin Maris da danshin daminar Abuja, a ɗakin da na'urar sanyaya iska ke tsayawa da zarar an ɗauke wuta, sun isa su yi ɓarna. Hatta biron da aka rubuta suna da shi a bayan CD yana iya karce shimfiɗar bayanan, domin tana dab da wannan fuskar.

Cibiyar kula da kayan tarihi ta Kanada ta ƙiyasta cewa CD mai rufin zinariya zai iya haura shekara 100, amma DVD na gama-gari shekara 10 zuwa 20 ne. Ma'aikaci kuwa yana iya shafe shekara 35 kafin ritaya, lokacin da zai fi bukatar fayil ɗinsa.

Ya kamata kowace ma'aikata ta gwada faya-fayanta yanzu, tun da sauran kwamfutocin da ke karanta su, ta kwafe abin da ya tsira zuwa wurare biyu, ɗaya a wajen ginin, ta kuma riƙe takardun asali.