"A haɗa min magani": abin da ƙwayoyin nan ke yi bayan ka haɗiye



A makon nan za mu tsaya ne a kan saƙon wani ɗan'uwanmu mahauci da ke zaune a Trans-Amadi, cikin Fatakwal. Mahaifinsa ya zo masa ziyara daga gida, kuma dattijon ya daɗe yana shan ƙwayar fitsari da likita ya ɗora shi a kai saboda kumburin ƙafa. Canjin abinci da zaman mota suka sa ya yi kwana uku bai yi bayan gida ba, zuciyarsa kuma tana tashi. Ɗan ya je kemis ya ce a haɗa masa magani. Aka ƙulla masa a leda: maganin wankin ciki, maganin amai, da kafso ja da yalo. Kwana biyu ke nan tsohon ya kasa tsayuwa, jiri yake gani, sai da aka kai shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Tambayarsa ita ce, shin jabun magani aka sayar masa?

Malam, ko da ƙwayoyin duk masu kyau ne, abin da ya faru zai iya faruwa. Kowace ƙwaya ta yi aikinta ne, sai ayyukan suka taru a jiki guda. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da ƙwayar fitsari. Ƙodojinka biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, amma kusan duka suke mayarwa cikin jini, abin da ke fita fitsari bai wuce lita 1 zuwa 2 ba. Dabarar ita ce ƙoda na janyo gishiri, ruwa kuma bin gishiri yake yi. Magunguna irin su Lasix suna hana ƙoda janyo gishirin, sai ya fita da ruwa tare da shi. Shi ya sa kumburi ke sacewa, hawan jini ya sauka. Amma ba gishiri kaɗai ke fita ba, har da sinadarin fotasiyam, wanda tsoka da bugun zuciya suka dogara da shi. Don haka ake shan ta da safe, kuma likita ke neman gwajin jini lokaci-lokaci. Macen da ke shan ta don ta rame, ruwa take zubarwa, kitsen yana nan.

Sai maganin wankin ciki. Kala-kala ne. Dulcolax da ganyen filasko suna zaburar da hanji ya riƙa matsawa, suna kuma sa ruwa ya taru a cikinsa; sukan yi aiki cikin awa 6 zuwa 12. Lactulose kuwa ruwa yake janyowa cikin hanji ya tausasa kashi, yakan ɗauki kwana 1 zuwa 2. Duba ka gani: ruwan da ke fita ta nan ma daga jiki yake, fotasiyam kuma yana bin sa. Baba yana zubar da ruwa ta ƙoda, aka buɗe masa ƙofa ta biyu ta hanji, ga shi ba ya ci ba ya sha sosai, ga zafin Fatakwal mai sa gumi. Ina jiri ba zai zo ba?

Al'adar nan tamu ta wanke ciki duk wata don a fitar da "datti" ba ta da tushe a likitance. Hanji mai lafiya yana share kansa. Abin da yake buƙata shi ne ruwa, ganye irin su zogale da rama, wake, gwanda, da tafiyar ƙafa. In kuwa cikin mutum ya kumbura, yana amai, ba kashi ba tusa, kada a kuskura a ba shi wankin ciki. Hanji ne ƙila ya toshe, wannan aikin asibiti ne na gaggawa.

Na uku, maganin amai. Mutane da yawa sun ɗauka a ciki yake aiki, alhali yawanci a ƙwaƙwalwa ne. Akwai wata cibiya a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙo daga ciki, daga jini, da kuma daga cikin kunne idan mota na jijjiga ka, ita ke ba da umarnin amai. Phenergan yana toshe ɗaya daga cikin hanyoyin saƙon, amma yana kawo barci mai nauyi. Direban tirela da ke ɗauko shanu ko albasa zuwa Anacha ko Enugu, kada ya sha ya riƙe sitiyari. Ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Ga tsoho kuwa yana ƙara jiri, yana kuma iya ƙara taurin bayan gida. Maxolon yana toshe sinadarin dofamin, yana kuma sa ciki ya tura abinci gaba da sauri. Wani lokaci, musamman ga yara da 'yan mata, yakan sa wuya ya murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito. Iyaye su ce iska ce, a nufi wajen mai ruƙiyya. A kai asibiti a faɗi sunan abin da aka sha, akwai allurar da ke warware shi. Ku tuna kuma, tsayar da amai bai warkar da abin da ya kawo shi ba.

Na huɗu, kafso. Tun da Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan a 1928, waɗannan magunguna sun ceci rayukan da ba sa ƙirguwa. Aikinsu kai hari ne ga wani abu da ƙwayar bakteriya ke da shi wanda ya bambanta da namu. Amoxil da Ampiclox suna hana ta gina katangar da ke kewaye da ita, sai ta fashe. Ja da yalo, wato tetracycline, yana tsayar da injin da take ƙera furotin da shi. Cipro yana hana ta kwafar gadon halittarta, ta kasa hayayyafa. Flagyl yana lalata wannan gadon a cikin ƙwayoyin da ke rayuwa inda ba iskar shaƙa. Mura ta yau da kullum bairas ke kawo ta, shi kuwa ba shi da katanga ba shi da injin, don haka kafso ba ya yi masa komai. Taurin bayan gida ma ba ruwansa da kafso. Ja da yalo yana ɓata haƙoran yaro ƙasa da shekara 8, bai dace da mai juna biyu ba, yana iya ƙara wa ƙoda mai rauni wahala, kuma shi da Cipro, in aka sha da madara ko nono, ba sa shiga jini yadda ya kamata.

Babbar illar ita ce wadda ba a gani nan take. Duk lokacin da ka sha kafso biyu ka ajiye, ko ka sha ba dalili, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su rayu su yaɗu. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Zargin jabu da ka yi ma ba banza ba ne. Hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Bridge Head da ke Anacha a 2007 zamanin Farfesa Dora Akunyili, ta sake rufe ta a Fabrairun 2025. Shi ya sa ƙwayar da aka ciro daga kwalinta aka ƙulla a leda take da haɗari: ba suna, ba ranar lalacewa, in an kai mutum asibiti ba a san me ya sha ba.

Saboda haka, mai karatu, ka saya a kwalinsa, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Ka faɗa wa mai magani abin da mara lafiyar ke sha tun da farko. Duk mai shan ƙwayar fitsari da ya kamu da zawo ko amai, a tuntuɓi likitansa a ranar, kada a jira. A kuma fara ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dattijon da zai yi tafiya, a rubuta sunayen magungunansa a takarda ya riƙe a aljihu.

Malam, a gaida Baba da jiki. Allah ya ba shi lafiya, ya mayar da shi gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.