Iyafis Mai Tsada: A Saya Don Kunne, Ba Don Ido Ba

Yau ina so mu tattauna a kan 'yar na'urar nan da ake cusawa a kunne a saurari waya, wadda yaranmu ke kira iyafis. Kada ki ce wannan zancen samari ne. Ki duba gidanki, da wuya ki rasa guda, ko a kunnen ɗiyarki ko a naki.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanan baya ƙanwata ta kwashi adashi, ta zo mini da shawarar za ta ba wani mai zuwa kasuwar Malanbil ta ƙasar Benin sautu, ya sayo mata babban iyafis marar igiya. Kin san mu nan Dole Kaina a bakin iyaka muke, kaya na iso mana ta ruwa da ta tudu, daga Kamba, daga Gaya, daga Malanbil. Amma abin da aka yi wa kuɗi da sefa, in aka juya shi naira sai gaban mutum ya faɗi. Na tambaye ta, "Me tsohon ya yi miki?" Ta ce, "Yaya, ba na jin kome sai na ƙure masa murya." Da na ji haka sai na ce lalle ta sake shi, amma fa ba don dalilin da take zato ba.

Iyafis mai araha ba ya toshe kunne sosai. Ƙarar injin niƙa, da babur, da janareta, da injin kwale-kwale duk suna kutsawa, sai mai saurare ta yi ta ƙara murya don ta danne su. Mai kyau kuwa yana da 'yar roba mai taushi da ke zama daidai bakin kunne ta tare hayaniya, wani ma an yi masa dabarar kashe ƙarar waje. Saboda haka ko da murya ƙasa-ƙasa za ki ji wa'azi ko labaran rediyo tangaran. Wannan shi ne amfaninsa na gaskiya: ya sa ki rage murya.

Me ya sa rage murya ya zama abin damuwa? Can cikin kunne akwai wani wuri mai siffar katantanwa, cike da 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su a hankali, ba ciwo ba jini, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Tun 1979 da kamfanin Sony ya fito da Walkman mutane suka soma yawo da kiɗa a kunne, amma wayar hannu ce ta kai abin kowane gida. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan saurare. Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hukumar ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ya kai 90, awa 4 kacal ne. Ga yara kuwa 75 aka shata. Kin ga ɗan ƙarin nan da yatsa ke yi ba ƙarami ba ne.

Mu malaman makaranta mun san abin da raunin ji ke yi wa yaro. Za ki yi ta bayani yana kallonki, ki tambaye shi ya yi zuru, a ce daƙiƙi ne ko mai taurin kai, alhali rabin maganar ce ba ta isa gare shi ba. Don haka raina kan ɓaci in na ga uwa ta cusa wa ƙaramin yaro iyafis, ta ƙure murya, wai don ya bar ta ta yi aiki.

To, amma kafin ki kwance bakin zane ki biya, ga abubuwa huɗu. Na farko, tsada ba shaida ba ce. Tun da kamfanin Apple ya fito da AirPods a 2016, jabunsa suka cika kasuwanni, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Kada a yi wa rogo kallon kitse. In da hali ki gwada da kunnenki, ki rage murya ki ji ko magana na fita sarai.

Na biyu, iyafis ba ya gyara abin da ya lalace tun asali. Waƙar da aka tura miki a memori wurin mai cajin waya, ko karatun da aka ɗauka da waya cikin taro, in da can a dishe suke, a dishe za su fito ko nawa kika kashe.

Na uku, marar igiya yana son caji, ga shi mun san halin wuta. Batirinsa a manne yake ciki, in ya gaji sai jefarwa. Ƙarami ne kuma, yana iya faɗawa ruwa wurin wanki, ko mai rarrafe ya kai shi baki. Sau da yawa mai igiya na tsaka-tsakin kuɗi, muddin yana da robar nan, ya wadatar.

Na huɗu, kuma shi ne babba gare mu mata: abin da ya tare ƙarar injin niƙa zai tare kukan jariri, da sallamar baƙo, da odar babur. Mu da muke zaune kusa da Kogin Kwara, uwa ba ta da damar toshe kunne biyu yara na wasa a waje. Ki bar guda a buɗe, ko ki bari sai kin natsu.

Sauran ƙa'idar mai sauƙi ce. Kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100. Ki riƙa cirewa kunne ya huta. Ki goge robar, kuma ki daina ba da aronsa. In kin cire kika ji kunne yana amo shi kaɗai, ko maganar mutane ta koma kamar daga nesa, wannan kashedi ne. In abin ya ƙi wucewa, sai asibiti, ban da tsiyaya mai ko cusa tsinke.

Ƙanwata dai ta sayi mai igiya, sauran kuɗin ta zuba a sana'arta ta shinkafa. Ta ɗan yi ƙunƙuni don ƙawayenta ba za su gan ta da na yayi ba, amma yanzu da murya kaɗan take saurare. Ado na kwana biyu ne, 'yar'uwa, kunne kuwa da shi za ki ji muryar jikokinki in Allah ya kai mu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wassalam.