Santsin wayar salula: Laifin hannu ne ko na maƙeranta?

Tun daga watan Agustan 2001 da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar tafi-da-gidanka a ƙasar nan, babu irin kukan da ba mu yi ba a shafukan jaridu, kama daga tsadar kati zuwa rashin sabis da zaftare wa mutane kuɗi babu dalili. Amma akwai wata asara da ke cin aljihun talaka kullum wadda ba a ɗauke ta abin magana ba, wato suɓucewar waya daga hannu da tarwatsewar gilashinta. Kowa ya ɗauka sakacin mai waya ne, shi ya sa abin da ake ce masa bai wuce "Allah Ya mayar da alheri, sai a riƙa kula" ba. Ni kuwa a nawa ganin, kaso mafi tsoka na laifin yana wuyan waɗanda suka ƙera wayar.

Bari mu ɗauki Kambaza da ke Ƙaramar Hukumar Gwandu a Jihar Kebbi, da ƙauyukan da ke tsakaninta da Kalgo. Mai waya a wannan yanki yawanci manomi ne, ko ɗan kasuwa, ko ɗan kabukabu. Da bazara zafi kan haura digiri 40, hannu ya jiƙe sharkaf da zufa. Da damina ko lokacin noman rani hannun yana cikin laka da ruwan fadama. Da hunturu kuma fata ta bushe ƙayau, a bi ta da man shafawa. Masu nazarin yadda fata ke kama abu sun nuna cewa yatsa ya fi riƙo idan yana da ɗan danshi kaɗan, riƙon kuma yana raguwa idan ya bushe sarai ko ya jiƙe sosai. Ke nan a shekarar mutumin Kambaza da wuya a sami watan da hannunsa ya dace da bayan waya mai sulɓi kamar tangaran.

Kada mai karatu ya ce ai abin bai kai ya kawo ba. Wayar yau ba ta gaisuwa kaɗai ba ce. Tun daga Disambar 2020 aka ɗaure layin kowa da lambarsa ta shaidar zama ɗan ƙasa, kuma ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya tilasta wa hatta mai sayar da albasa karɓar kuɗi ta waya. Ranar da ta faɗi ta fashe, ciniki ya tsaya. Ga kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Jega, ga kuɗin gilashi wanda daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, musamman tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023. Sau da yawa gilashin da za a sa ma bai kai na asali ba.

Abin da ya sa na ce laifin maƙera ne shi ne, sun san maganin, sun ma taɓa yin sa. A shekarar 2003 kamfanin Nokia ya fito da ƙirar 1100 musamman domin ƙasashe irin namu. An yi mata gefe mai kama hannu saboda zufa, da madannai masu hana ƙura shiga, da tocila a ka. An sayar da fiye da miliyan 250, tana cikin wayoyin da suka fi kowace kasuwa a tarihi. Ita da ƙannenta ne matasanmu suka raɗa wa sunan nan na tsokana, raka-ni-kashi, mai karatu ya gafarce ni. Sunan raini ne, amma wayar takan faɗo daga kan babur, a tsince ta, a mayar da batir, a ci gaba da magana.

Daga baya sai akala ta juya. Wayar iPhone ta farko a 2007 faɗin fuskarta inci 3.5 ne, yau kuwa inci shida da rabi ya zama ruwan dare, ta yadda yatsun hannu ɗaya ba sa iya zagaye ta. Manyan kamfanoni suka koma yin bayan waya da gilashi, wai don a iya cajinta ba tare da an soka igiya ba, sai ƙananan suka bi sahu da roba mai ƙyalli don ta yi kama da mai tsada, alhali ba ta da wannan cajin. Wayar da aka ƙera domin ta burge ido na minti biyar a kanti ita ce za ta yi shekara uku a hannun mai ban-ruwa. Kamfanin Transsion mai Tecno da Itel da Infinix ya mamaye kasuwarmu ne saboda ya saurare mu, ya ba mu layi biyu da batir mai jimiri da kyamarar da ta san baƙar fata. Wanda ya iya wannan ba zai kasa yin baya mai kaushi ba, da masu saye sun nema.

Tarayyar Turai ba ta tsaya jiran alherin kamfanoni ba. Daga ranar 20 ga Yunin 2025 duk sabuwar wayar da za a kai kasuwarta dole ne ta jure faɗuwa sau 45 a gwaji ba tare da riga ba, kuma a manna mata takardar da ke nuna matsayin juriyarta daga A zuwa E. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, dama ita ke tantance nau'in kowace waya kafin a halatta sayar da ita. Me zai hana ita da hukumar SON su nemi a nuna wa mai saye irin wannan takarda? Ba a ce a hana kowa sayen mai santsi ba, a dai gaya masa abin da yake saye.

Sai dai inda hankalina ya fi karkata shi ne abin da ke hannunmu. Riƙo ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Maƙeri da masassaƙi sun san yadda ake yi wa ƙota kai don kada fartanya ta kuɓuce. Baduku ya san naɗe marikin takobi da fata, ya yi masa kube, ya sa masa hamila a rataya a kafaɗa. Fatar jan akuyar Sakkwato ce aka yi ɗaruruwan shekaru ana ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye da sunan fatar Maroko. Amma yau rigar robar da ke wayar mutumin Gwandu daga Sin aka yo ta, ta biyo ta Legas ko kasuwar Farm Centre ta Kano, bayan wata uku ta yi ja ta saki. A Amurka wani malamin falsafa na Jami'ar Kolorado, David Barnett, shi ya ƙirƙiro ɗan maɓallin nan da ake liƙa wa bayan waya a saƙala yatsu, mai suna PopSockets, ya fara sayarwa a 2014, ya zama babban kamfani. Ba wata fasaha ce da ta gagari badukun Sakkwato ba.

Na san za a ce fata ba ta shiri da ruwa, tana riƙe zafi, kuma kowace waya da inda ramin kyamararta yake. Gaskiya ne, fatar da aka goge ta yi sheƙi ma santsi gare ta. Abin da ake buƙata fata ce marar kauri, mai zane a jiki, da ɗan madauki na sa yatsa da igiyar ratayawa. Tun da ƙirar wayoyi kaɗan ce ta fi yawa a karkararmu, samfuri goma zai wadatar da kasuwa guda. Wannan aiki ne da Cibiyar Fasahar Fata ta Zariya da Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi za su iya yi tare da dukawa, su fitar da ma'auni da hanyar jima mai jure danshi.

A matsayina na ɗalibin harshe, har sunan abin yana damuna. "Gidan waya" tuni ofishin wasiƙu ya riga mu, sunan da samari ke kiran rigar da shi a kasuwa kuwa ba ya faɗuwa gaban surukai. Ina ba da shawarar mu ce kuben waya, domin duk Bahaushen da ya ji kube ya san na fata ne, ya kuma san wurin wa zai je a ɗinka masa.